Muhammad Rafi, yaron shagon aski da muryarsa ta zama wasiƙar masoya



Duk mai bin shirinmu na gaishe-gaishe da dare ya san yadda abin ke tafiya. Saƙo zai shigo daga Abijan ko Kwatano, ko daga Tamanrasat ko Sabha. Mutum ya jero mutanen gidansu kaf, tun daga tsohuwa har auta, ya gaida liman, ya gaida abokan fada, sa'annan can a ƙarshe, kamar wani abin da ya kusa mantawa, ya ce a gaida mai ɗakinsa, a kuma sa mata waƙar Indiya irin ta da. Iyakar abin da zai faɗa ke nan. Kunya ba za ta bar shi ya ƙara ba, tunda surukai ma na jin rediyon. Sauran maganar waƙa ce za ta ƙarasa masa. To in muka ɗauko waƙar da aka roƙa, sau da yawa sai mu tarar muryar mutum guda ce, Muhammad Rafi.

Bawan Allahn nan ya rasu tun 1980, kafin a haifi da yawa daga cikinmu. Shi ba ya jin Hausa, mu ma akasarinmu ba mu jin Indiyanci in ban da ɗan abin da muka tsinta a fim. Wasu ma har yau sun ɗauka jarumin da suke gani yana motsa baki a tele shi ne mai waƙar. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku tarihinsa, don in aka bi rayuwarsa za a ga shi kansa ya sha rabuwa tun yana saurayi.

An haife shi ranar 24 ga Disamba 1924 a wani ƙauye mai suna Kotla Sultan Singh, kusa da birnin Amritsar, a yankin Panjab. Lokacin Turawan Ingila ke riƙe da ƙasar, babu Pakistan, babu Bangaladash, duka Indiya ce guda. Sunan mahaifinsa Alhaji Ali Muhammad. A gida Fiko ake kiran yaron. Labarin da aka fi bayarwa kan farkonsa shi ne, akwai wani bawan Allah mai bara da ke ratsa unguwarsu yana waƙe-waƙe, sai yaron ya riƙa bin sa lungu-lungu, in ya dawo ya zauna yana kwaikwayon muryarsa. Wajen 1935 gidan ya koma babban birnin yankin, Lahore, inda suke da shagon aski a unguwar Ƙofar Bhati. Nan Rafi ya tashi, yana ɗan taimakawa a shago yana ƴan waƙe-waƙensa.

Wani abokin yayansa mai suna Hamid shi ya fara gane cewa muryar nan ba ta zaman shago ba ce. Aka kai shi wurin malaman waƙar gargajiyarsu, irin su Ustaz Abdul Wahid Khan da Firoz Nizami. Ita waƙar gargajiyar Indiya karatu ce mai zaman kanta, mutum kan yi shekaru yana hawa da sauka da murya kafin malami ya yarda ya fito gaban jama'a. Yana ɗan shekara 13 aka shirya wani taro a Lahore wanda babban mawaƙin zamanin, K. L. Saigal, zai yi waƙa. Ana ba da labarin cewa wuta ce ta ɗauke, kuran ɗin nan da mu ma muka san halinsa, jama'a suka fara hayaniya, sai aka tura yaron ya ɗan riƙe su kafin a gyara. Ya buɗe baki babu lasifika, wuri ya yi tsit. Daga nan sunansa ya fara zagayawa, gidan rediyon Lahore ya kira shi, wani mai tsara kiɗa, Shyam Sunder, ya sa shi waƙa a wani fim na harshen Panjabi mai suna Gul Baloch.

A 1944 ya ɗauki ƴan komatsansa, shi da Hamid, suka hau jirgin ƙasa sai Bombay, birnin da yau ake kira Mumbai, inda masana'antar fim take. Tazarar ta haura kilomita 1,300, kusan kamar daga Yamai zuwa Diffa. Suka kama wani ɗan ɗaki mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 10 a unguwar Bhendi Bazar mai cunkoso. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin haya na ƴan ci-rani ba sai an yi masa bayani ba. Da farko cikin ƴan amshi ake sa shi. A hankali babban mai tsara kiɗa, Naushad, ya lura da shi, ya jawo shi jika.

Bari mu ɗan bayyana yadda aikin yake, don shi ne ya sa ake sanin murya ba a san fuska ba. A fim ɗin Indiya mawaƙi daban, jarumi daban. Ana fara ɗaukar waƙa a situdiyo, sa'annan a wurin ɗaukar hoto a kunna ta, jarumi ya riƙa motsa baki yana bin ta. Kuma a wancan zamani ba a ɗaukar murya daban kiɗa daban kamar yau. Makaɗa masu yawa ne za su zauna a babban ɗaki, masu goge, masu sarewa, masu ganga, mawaƙi na tsaye gaban makirfo, a tashi tare a sauka tare. Mutum guda ya yi kuskure a ƙarshen waƙa, to kowa ya koma farko. Mu da muke aiki da kwamfuta, muna yanke tari da tuntuɓen harshe cikin daƙiƙa, in muka tuna haka sai mu jinjina musu.

Yana cikin neman gindin zama sai babbar masifa ta auka wa ƙasar. A watan Agusta 1947 Turawa suka tafi, aka tsaga ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Layin iyakar ya ratsa tsakiyar Panjab, ya bi ta tsakanin Amritsar da Lahore, garuruwa biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita 50 ba, kamar a ce Maraɗi da Jibiya. Ƙauyen da aka yanke wa Rafi cibiya ya faɗa Indiya, garin da ya tashi ya koyi waƙa ya faɗa Pakistan. Sama da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, Musulmi na gudu yamma, mabiya addinin Hindu da na Sikh na gudu gabas, aka kashe dubban ɗaruruwa a kan hanya da cikin gidaje. Mu nan mun ga yadda rufe iyaka na wata da watanni ya jigata dangi a 2019 da 2023, to wannan da jini aka shata ta, kuma har gobe ba ta buɗe yadda ya kamata ba.

Abin ya shiga har cikin ɗakin Rafi. Yana da mata, Bashira, ƴar'uwarsa ce, auren zumunci da aka ɗaura a ƙauye tun yana ƙaramin saurayi, har sun samu ɗa namiji, Sa'idu. Iyayenta na cikin waɗanda aka kashe a rikicin. Ta ƙi yarda ta zauna a ƙasar da aka zubar da jinin iyayenta, ta koma Lahore. Shi kuma abincinsa na Bombay. Haka auren ya mutu. Mu dai ba mu ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Matar da ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa ita ce Bilkisu Bano, kuma gaba ɗaya Allah Ya ba shi ƴaƴa 7, maza 4 mata 3.

Manyan mawaƙa Musulmi da dama sun ƙetara Pakistan, ciki har da Noor Jehan, wadda suka yi waƙa tare a fim ɗin Jugnu a shekarar ta 1947. Rafi ya zauna. Da aka kashe Mahatma Gandhi a Janairu 1948, shi ya rera doguwar waƙar tarihinsa, har firaminista Nehru ya gayyace shi gidansa, daga baya ya ba shi lambar azurfa. A 1949, a fim ɗin Dulari, ya yi wata waƙa ta mutumin da ya kwana zaune yana jiran masoyiyar da ba ta zo ba har dare ya raba. Ita ce ta nuna wa jama'a irin abin da muryarsa ke iya yi da kewa. Sai 1952, fim ɗin Baiju Bawra, wanda ya ɗaga shi sama gaba ɗaya. Naushad ne ya tsara kiɗan, Shakeel Badayuni ya rubuta baitocin, Rafi ya rera, su ukun duk Musulmi, a fim ɗin da jaruminsa mabiyin addinin Hindu ne. Shekara 5 kacal bayan wancan zubar da jini, Indiyawa sun ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai.

Nan kuma rediyo ta shigo labarin, kuma ku yi mana haƙuri in muka ɗan daɗe, sana'armu ce. A 1952 ministan watsa labaran Indiya, B. V. Keskar, ya ga waƙoƙin fim ba su da daraja, suna ɓata tarbiyya, sai ya matse su a gidan rediyon gwamnati har suka kusa ɓacewa. To a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, akwai wata tasha mai manyan na'urorin gajeren zango da sojan Ingila suka bari bayan yaƙin duniya na biyu. Rediyon Silon ta ga dama ta samu, ta cika sashenta na Indiyanci da waƙoƙin fim. A ƙarshen shekarar aka fara wani shiri mai suna Binaca Geetmala, wanda wani kamfanin man goge baki ke ɗaukar nauyinsa, wani saurayi mai zaƙin baki, Ameen Sayani, na gabatarwa. Kowace Laraba da ƙarfe 8 na dare sai a taru gindin rediyo a ji wace waƙa ce ta hau, wace ce ta sauka. Wasiƙu dubbai ke shigowa kowane mako. Da gwamnati ta ga jama'a sun gudu sun bar ta, sai a 1957 ta buɗe tata tashar nishaɗin, Vividh Bharati, ta dawo da waƙoƙin da ta kora.

Shirye-shiryen zaɓin masu saurare su ne ƙashin bayan tashoshin nan. Mutum zai sayi katin gidan waya, ya rubuta sunan waƙa, ya jero sunansa da na ƴan'uwansa da garinsu, mai gabatarwa ya karanta kafin ya sa faifai. Akwai wani ɗan garin haƙar ma'adinai, Jhumri Telaiya, wanda mutanensa suka mai da aika katin gasa, kullum sai an ambaci sunansa a rediyo, har wasu Indiyawa suka ɗauka sunan ƙirƙira ne, babu garin. Mu ma muna da irin waɗannan ƙauyuka, sun san kansu, muna gaishe su. Akwai kuma shirin Jaimala, wanda aka ware wa sojoji da ke bakin iyaka, su zaɓi waƙa daga can inda suke. Ka ga soja na kan dutse cikin ƙanƙara, matarsa na ƙauye, kowa da rediyonsa, waƙa ɗaya na shiga kunnensu a lokaci ɗaya. Babu talho, wasiƙa kan yi makonni a hanya, amma na ɗan mintocin nan kamar suna zaune kan tabarma guda.

Bayan yaƙin 1965 Pakistan ta hana nuna finafinan Indiya a gidajen silima, hanin da ya kai wajen shekara 40. Sai dai iskar rediyo ba ta tsayawa a duwan. Mutanen Lahore sun ci gaba da kama tashoshin suna jin yaron unguwarsu. Duk lokacin da muka zo nan a labarin mukan tuna matar nan ta farko: garin da ta koma don ta yi nisa da Indiya, muryar tsohon mijinta na tashi a rediyon masu shayi.

Cikin dubban waƙoƙin da ya rera, akwai waɗanda kamar don ƴan ci-rani aka yi su. Ɗauki fim ɗin Sangam na Raj Kapoor, 1964. Wani saurayi ya shiga sojan sama, zai tafi bakin daga, ya bar wa amininsa amanar yarinyar da yake so. Ashe aminin ma na son ta, ita ma shi take so, sun dai haɗiye ne. Labari ya zo cewa sojan ya mutu. Sai aminin ya samu bakin magana, ya rubuta mata wasiƙar soyayya bai sa hannu ba, kuma waƙar wasiƙar nan Rafi ne ya rera ta. Kwatsam sai ga soja ya dawo da ransa. Aka yi aure, aka zauna lafiya, har ranar da mijin ya ci karo da tsohuwar wasiƙar. Daga nan gida ya rikice, aka ƙare da mutuwar aminin. Wanda ya san gidajen da miji ya tafi Libiya shekara uku babu labari, dangi na ta muhawara a jira ko a raba auren, ya san wannan ba tatsuniya ba ce.

A shekarar dai aka fitar da Haqeeqat, fim kan yaƙin Indiya da Sin na 1962 a tsaunukan Ladak. Madan Mohan ya tsara kiɗan, Kaifi Azmi ya rubuta. A ciki akwai wata waƙa da Rafi ya yi tare da mawaƙa uku, Talat Mahmood da Manna Dey da Bhupinder, ta sojojin da suka maƙale babu mafita, kowa na hasashen halin da wadda ya baro gida take ciki. Akwai kuma wata gajeruwa da ya yi shi kaɗai, kusan babu kiɗa sai goge guda, ta sojan da ya baro gida cikin fushi yana jiran a kira shi ya dawo, ba a kira shi ba. A ganinmu duk cikin waƙoƙinsa babu wadda ta kai ta taɓa zuciya. Muna ba duk wanda ya hau mota da saɓani tsakaninsa da iyalinsa shawara ya neme ta. A 1968 kuma ya yi wata waƙar wasiƙa a fim ɗin Kanyadaan, mai daɗi mai sauƙi, ita ce samari suka fi roƙo. A shekarar ne ma, a Neel Kamal, ya rera bankwanan uba da ɗiyarsa ranar kai amarya, inda ake jin muryarsa na rawa a ƙarshe. An ce kuka ya yi da gaske. Har yau Indiyawa na sa ta a wurin biki.

Kada a ɗauka mawaƙin baƙin ciki ne kawai. Shi ne ke rera waƙar annashuwa a bakin Shammi Kapoor a Junglee, shi ne muryar Dilip Kumar da Dev Anand da Guru Dutt da Dharmendra, har da ɗan barkwanci Johnny Walker. Yakan tambayi wanda za a ɗora wa waƙar kafin ya rera, ya gyara muryarsa ta dace da mutumin. Ya yi waƙoƙin yabon Annabi (SAW), ya yi waƙa da harsuna da dama ban da Indiyanci da Urdu. Ya ci lambar Filmfare sau 6, ɗaya daga ciki a fim ɗin Dosti na 1964, labarin makaho da gurgu da iyayenmu ba su gajiya da ba mu. A 1967 gwamnati ta ba shi lambar girma ta Padma Shri.

Shi kansa mutum ne mai kunya, mai magana a hankali har sai an matso. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba a ganin sa a shagulgulan ƴan fim. Daga gida sai situdiyo, daga situdiyo sai gida. Abin da ke ɗebe masa kewa shi ne tashin jirgin takarda mai zare a saman soro, wasan da mutanen Lahore suka shahara da shi. Masu tsara kiɗa da dama sun ba da shaidar cewa lokacin da suke farawa ba su da kuɗi, ya yi musu waƙa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Wannan sauƙin kai ne ya haɗa shi rigima da Lata Mangeshkar a farkon shekarun 1960. Ita ta tsaya kan cewa mawaƙi na da kaso a cinikin faifai muddin ana sayarwa. Shi yana ganin in an biya ka kuɗin aikinka magana ta ƙare, tunda in fim ya faɗi mai fim ne ke asara. Abin ya yi zafi har suka yi shekaru ba su waƙa tare, sai wajen 1967 aka sasanta su. Duk da son da muke yi masa, a nan Lata ce ke da gaskiya. Mun ga yadda mawaƙanmu na gargajiya suka mutu babu ko sisi alhali ana ta sayar da kaset ɗinsu a kowace tasha.

Da ya samu hali sai ya tura wasu daga cikin ƴaƴansa Landan, suka zauna can. Shi ma ya zama uban da ke jiran wasiƙa da ranar ziyara. Yakan kuma zagaya ƙasashe yana waƙa ga Indiyawa da ƴan Pakistan mazauna waje, a Ingila da Amurka da Kanada, har ƙasashen Karibiyan inda jikokin leburorin rake suke, mutanen da yawancinsu ba su taɓa taka Indiya ba. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan ne ya gana da ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda yake matuƙar so.

Daga 1969 iska ta juya. Fim ɗin Aradhana ya fito, sabon jarumi Rajesh Khanna ya mamaye ko'ina, kuma muryar Kishore Kumar aka fi so a bakinsa. Masu fim suka karkata can. A daidai wannan lokaci Rafi ya je aikin Hajji, aka samu masu ce masa waƙa ba ta dace da alhaji ba. Maganar ta tsaya masa a rai. Iyalinsa sun tabbatar cewa ya ajiye waƙa na wani lokaci, ya tafi Landan wurin ƴaƴansa, sai da dangi da abokan aiki suka yi ta lallashi kafin ya koma. Wannan muhawara mu ma muna da ita a garuruwanmu, kuma ba mu ne za mu yanke ta ba, aikin malamai ne. Abin da muka gani dai shi ne mutumin bai ɗauki addininsa da wasa ba. Da ya dawo wasu jaridu sun riga sun gama da shi, amma sai ga Laila Majnu a 1976, sai Amar Akbar Anthony da Hum Kisise Kum Naheen a 1977. Wannan na ƙarshe ya kawo masa Filmfare ta shida da kuma lambar gwamnati ta gwarzon mawaƙin fim na shekara, yana da shekara 50 da ɗoriya, yana rera wa yaran da ya haifa.

Mu nan ta gidajen silima muryar ta iso mana, waɗancan marasa rufi na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da na Kano da Katsina. Iyayenmu sun ga mata masu lulluɓi, auren dole, kunyar surukai, ɗa mai biyayya ga uwa, suka ga abin ya yi kama da gida fiye da finafinan kaboyi. Daga baya kaset ya zo. A Kano har aka samu masu bandiri, Ushaƙu Indiya, da ke ɗaukar karin waƙoƙin Indiya su ɗora yabon Manzon Allah (SAW), kuma kowa ya san inda finafinan Hausa suka samo rawa da waƙarsu. Mu da muka yi ƙuruciya kafin salula muna tune da wasiƙar kaset. Mai gida na Kurmi, zai sayi kaset ya zauna ya yi magana a ciki, ya ba direba ko wani mai dawowa gida. A taru a tsakar gida a kunna, a ji gaisuwa, a ji bayanin kuɗin da ya aiko da yadda za a raba. In magana ta ƙare da sauran fili, wani sai ya cike da waƙar Indiya. Kowa a gidan ya san wadda aka yi wa wannan, babu dai mai faɗa. Yau WhatsApp ya karɓi aikin, amma dabarar na nan yadda take.

Ranar Alhamis 31 ga Yuli 1980, cikin watan azumi, ciwon zuciya ya kama shi a gidansa da ke unguwar Bandra. Aka kai shi asibiti, da ƙarfe 10 da minti 25 na dare rai ya yi halinsa. Shekararsa 55. Waƙarsa ta ƙarshe ya yi ta ne wa Laxmikant da Pyarelal, waɗanda ya yi wa waƙa sama da 300, a fim ɗin Aas Paas. Washegari Juma'a aka yi jana'izarsa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, duk da haka sama da mutum 10,000 suka raka shi maƙabartar Musulmi ta Juhu, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa.

A 2010 masu kula da maƙabartar suka rushe ginin kabarinsa tare da na wasu fitattun ƴan fim, saboda wuri ya cika ana neman inda za a sa sabbin mamata. Masoyansa da ke zuwa ziyara ranar haihuwarsa da ranar rasuwarsa, sai wata bishiyar kwakwa da ke kusa da wurin ta zama alamarsu.

A shirinmu na gaishe-gaishe mai zuwa za mu ware rabin lokacin ga waƙoƙinsa. Wanda ke son a gaida wani da ɗaya daga ciki ya aiko saƙonsa da wuri, ya faɗi sunan fim ɗin in ya sani. In bai sani ba ya ɗan rera mana karin a saƙon murya, za mu nemo ta. Ku kuma na gida, a sa batir a rediyo tun da rana.